Da Ingila ta daina gwajin korona kyauta, wa ya ɗauki nauyin a asibiti?

Bazazzagiya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da take yawan tasowa duk lokacin da aka taɓo aikin jinya a Birtaniya, kuma kullum a tsaitsaye ake barinta. Ranar 1 ga Afrilu, 2022 gwamnatin Boris Johnson ta rufe gwajin korona na kyauta ga jama'a a Ingila. Wasu na cewa matakin ya jefa ma'aikatan asibiti cikin wahala, wasu kuma na cewa ai su ba a taɓa su ba, an ci gaba da ba su kayan gwaji. Tunda 'yan uwanmu da yawa suna can suna wannan aiki, wasu kuma na haramar tafiya, ina roƙon waɗanda suka san harkar su warware mana zare da abawa. Me aka cire, me aka bari, kuma ta ina abin ya taɓa nas da likita da mai goge-goge?

Dokta Bakano:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, domin ba rana ɗaya aka yi abin ba. Janyewa aka riƙa yi kaɗan-kaɗan har tsawon shekara guda da 'yan kai.

Ranar 21 ga Fabrairu, 2022 Johnson ya sanar da shirin da suka kira zama da korona. Bayan kwana uku dokar da ta tilasta wa mai cutar killace kansa ta faɗi, tare da tallafin fam 500 da ake ba masu ƙaramin ƙarfi idan sun killace. Ranar 24 ga Maris aka dawo da tsohon tsarin kuɗin rashin lafiya, wanda ba a biyan kwana ukun farko. Sannan 1 ga Afrilu gwajin jama'a ya tsaya. Abin da ya ɗaga hankalin ma'aikata shi ne, tun daga sanarwar Fabrairu babu wanda ya faɗa musu matsayinsu a fili. Sai ranar 29 ga Maris, saura kwana uku, ministan lafiya Sajid Javid ya fitar da jerin waɗanda za a ci gaba da ba su kyauta: ma'aikatan NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, da ke mu'amala da marasa lafiya kai tsaye, ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi, da marasa lafiyar da suka cancanci maganin korona. Mako biyar ke nan ana tsara jadawalin aikin Afrilu ba a san ko ma'aikaci zai sayi gwaji da kuɗinsa ba. A cikin wannan tsakani ne ƙungiyar shugabannin asibitoci, NHS Confederation, ta yi gargaɗin cewa ma'aikaci zai iya kashe kusan fam 50 a wata. Lissafin a bayyane yake: gwaji biyu a mako, takwas ko tara a wata, kowanne fam 5.99 kamar yadda kantin magani na Boots ya sa wa guda ɗaya idan an aiko maka gida.

To wannan bai faru ba a Afrilu. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Baban Sadiq:
Kafin a yi nisa, a bar ni in faɗi hujjar gwamnati yadda take, don ba hujjar banza ba ce. Harkar gwaji da bin sawun masu cutar ta ci fam biliyan 15.7 a shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022, kuma a watan Janairun 2022 kaɗai an kashe kusan biliyan 2. Wannan kuɗi daga aljihun da ake biyan albashin nas da sayen gado yake fitowa. A lokacin mafi yawan manya sun yi allura biyu, da dama sun yi ta uku, kuma nau'in Omikron bai kai Delta jefa mutane ɗakin kulawa ta musamman ba. Mutanen da ke jiran aiki ko ganin ƙwararren likita a Ingila sun haura miliyan 6. Duk wanda ke riƙe da baitulmali dole ya tambaya: har yaushe za a riƙa raba wa kowa kwali mai gwaji bakwai-bakwai, wasu ma suna jibgewa a gida ba sa amfani da su?

Maman Ilham:
Baban Sadiq, ba na musun kuɗin, amma ka duba ranar da aka zaɓa. A makon da ya ƙare 26 ga Maris, hukumar ƙididdiga ta ONS ta ƙiyasta mutum miliyan 4.9 ne ke ɗauke da cutar a Birtaniya, ɗaya cikin 13 a Ingila. Ba a taɓa ganin adadi irin wannan ba tun farkon annobar, nau'in BA.2 na Omikron ne ke tashe. A tsakiyar wannan aka rufe.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne, gwajin nas ita kaɗai ba ya kare ɗakin marasa lafiya. Kariyar tana zuwa ne daga gwajin waɗanda ke kewaye da ita. Kafin Afrilu, idan yaro ya tashi da zazzaɓi, a safiyar nan ake gwada shi. Idan layi biyu ya fito, wato yana da cutar, uwar ta kira shugabar ɗakinta kafin ta fito daga gida, a yi mata PCR, wato gwajin da ake kaiwa ɗakin gwaji, ta riƙa gwada kanta kullum har kwana goma, a kuma ɗauke ta daga wajen masu rauni kamar masu sankarar jini ko waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Bayan Afrilu shawarar sauya wa irin wannan ma'aikaciya wurin aiki tana nan a takarda, amma wa zai san tana zaune da mai cutar idan ba a gwada yaron ba? Kwalin da aka ba ta nata ne, ba na iyali ba. Ko dai ta saya wa gida da kuɗinta, ko ta raba nata da su ya ƙare kafin lokaci, ko kuma a ce mura ce a wuce wurin.

Haka masu zuwa dubiya, haka marar lafiyar da ke zuwa ganin likitan unguwa ko kantin magani. A da mutum kan gwada kansa kafin ya fito. Yanzu yana shigowa yana tari, ya zauna minti arba'in a ɗakin jira, mai karɓar baƙi da nas ɗin ɗaukar jini su ne na farko da za su shaƙa. Kuma a farkon Afrilun nan ne NHS ta faɗaɗa jerin alamomin cutar daga uku zuwa goma sha biyu, aka ƙara ciwon makogwaro, yoyon hanci, ciwon kai, gudawa, kasala da sauransu. Wato an ce wa mutane kusan kowace mura na iya zama korona, a daidai lokacin da aka ɗauke musu hanyar bambancewa.

Bazazzagiya:
Anti, wannan batu na "masu mu'amala da marasa lafiya kai tsaye", su waye suka shiga, su waye suka fita?

Maman Ilham:
Likita, nas, ungozoma, mataimakan jinya, masu gashin ƙashi, ma'aikatan motar asibiti, waɗannan babu gardama. Inda ake samun ruɗani shi ne masu goge-goge, masu tura gado, masu raba abinci, masu gadi da sakatarorin ɗaki. Mai goge-goge tana iya shiga ɗakuna huɗu a duti ɗaya, ta fi likita daɗewa a gefen gado, amma sau da yawa ba asibitin ne ya ɗauke ta ba, kamfanin kwantiragi ne. Saƙon da ake aika wa ma'aikata ta imel ɗin asibiti ba ya isa gare ta, kuma shugabanta na kamfani ba lallai ya san ta cancanta ba. Ma'aikatan ofis kuwa an cire su daga gwajin mako-mako, alhali ɗakin shan shayi ɗaya suke shiga da nas-nas, inda kowa ke sauke takunkumi ya ci abinci. Ɗakin hutu da motar da ake haɗuwa a zo aiki, waɗannan wurare biyu suna cikin inda cutar ta fi yawo tsakanin ma'aikata.

Malam Basakkwace:
Bari in sa baki ta ɓangaren ɗakin gwaji, don a san abin da ake jayayya a kansa. Gwajin nan-take na kwali da PCR ba abu ɗaya suke nema ba. PCR yana ninka ƙwayar halittar cutar har ya gano ɗan burbushi, shi ya sa yake iya nuna cutar makonni bayan mutum ya warke, har aka ce kada a maimaita shi cikin kwana 90 sai in sabbin alamomi sun zo. Na kwali kuwa wani furotin na jikin ƙwayar yake kamawa, kuma sai tana da yawa a hanci yake ganinta. A gwajin da aka yi wa jama'ar Libaful a ƙarshen 2020 da samfurin Innova, ya kama kashi 40 cikin ɗari na waɗanda PCR ya tabbatar, amma a cikin masu ƙwayar da yawa sosai ya kama kusan kashi 90. Nazarin Cochrane na 2022 ya samu kusan kashi 73 ga masu alamomi, kusan kashi 55 ga marasa alamomi. Ƙaryar cewa mutum na da cutar alhali ba shi da ita kuwa ba ta da yawa, a Libaful kusan ɗaya cikin dubu ce.

Amfaninsa ga asibiti shi ne sauri da maimaici. Yana ba ka amsa kafin ka ɗaura takalmi, kuma wanda ya kama yawanci shi ne mai yaɗawa a ranar.

Baban Sadiq:
Malam, to ai alƙalumanka ni suke goya wa baya. Abin da ke barin kusan rabin marasa alamomi su wuce, a kashe masa biliyoyi?

Malam Basakkwace:
Ya danganta da yawan cutar a gari, ranka ya daɗe. Mu ɗauki ma'aikata 1,000 a matsayin misali. Idan ɗaya cikin 13 na ɗauke da ita, mutum 77 ke nan. Da kashi 55 za ka kama wajen 42, ka rasa 35, ka tura mutum ɗaya gida bisa kuskure. Cire mutum 42 daga gefen gadon marasa lafiya da kwali dubu ba ƙaramar riba ba ce. Idan kuwa ɗaya cikin 200 ne, masu cutar biyar ne, ka kama uku, ka yi kuskure a ɗaya. A nan kam hujjarka ta yi ƙarfi, kuma da ita gwamnati ta dogara lokacin da ta dakatar da gwajin marasa alamomi daga baya. Saboda haka tambayar ba wai a rufe ko kada a rufe ba ce, yaushe ne ya dace. Ni a ganina Afrilun 2022 bai dace ba, da an jira igiyar BA.2 ta sauka.

Akwai kuma batun tazara. Omikron kan bayyana cikin kamar kwana uku da kamuwa. Gwaji biyu a mako yana barin kwana uku ko huɗu a tsakani. Mutum na iya gwadawa Litinin da safe ya ga layi ɗaya, Talata da dare ƙwayar ta hau, ya yi dutin Laraba cur yana yaɗawa, sai Alhamis a gano. Abin da ke toshe wannan rami a da shi ne labarin da ke zuwa daga gida, kamar yadda Maman Ilham ta ce: an gwada miji ko yaro, an sani, an ƙara gwaji kullum.

Anti Bakatsiniya:
Duk kuna maganar asibiti, amma inda wutar ta fi ci gidajen kula da tsofaffi ne, kuma can ne 'yan Najeriya suka fara kwarara bayan an buɗe wa masu wannan aiki bizar lafiya a watan Fabrairun 2022. Su ma an bar musu gwaji kyauta, sai dai an rage shi daga kafin kowane duti zuwa biyu a mako. Amma ranar 31 ga Maris asusun da gwamnati ke ba gidajen don daƙile yaɗuwar cuta ya ƙare, kuma da shi ne ake biyan ma'aikaci cikakken albashi idan ya killace kansa.

Ku yi lissafin da ni. Mafi ƙarancin albashi daga Afrilun 2022 fam 9.50 ne a awa. Duti na awa 12 fam 114. Mai yin duti uku a mako tana samun fam 342 kafin haraji. Layi biyu ya fito, an ce ta zauna gida aƙalla kwana biyar. Idan gidan da take aiki ba shi da nasa tsarin biyan marar lafiya, abin da doka ta ba ta a lokacin fam 99.35 ne a mako, shi ma ba a biyan kwanakin aiki uku na farko. Mai duti uku a mako, waɗannan ukun su ne makonta gaba ɗaya. Ta rasa fam 342, ba ta samu ko sisi ba. A wannan ranar ta 1 ga Afrilu kuma aka ƙara kuɗin wuta da gas da kashi 54 cikin ɗari, bayan 'yan kwanaki aka ƙara harajin inshorar ƙasa. Gaba kura baya sayaki: ta gwada ta rasa kuɗin haya, ko ta ƙi gwadawa ta shiga wanka da ciyar da tsohuwa 'yar shekara tamanin.

Shi ya sa nake cewa kwalin kyauta ba tare da kuɗin zama gida ba rabin aiki ne. Wanda ya san layi biyu zai hana shi abinci, zai sami dalilin ɗaga gwajin zuwa gobe. Ba rashin imani ba ne, tsarin ne ya matse shi.

Ɗan Gusau:
Anti, tambaya. Wanda ke kan biza, an rubuta masa ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati, zai iya karɓar wannan kuɗin rashin lafiyar ba tare da ya ɓata takardunsa ba?

Anti Bakatsiniya:
Zai iya, ƙanena. Kuɗin rashin lafiya na doka ba ya cikin jerin tallafin da aka hana masu biza, haƙƙin ma'aikaci ne, mai gidan aikin ne ke biya. Jahilcin wannan ya sa wasu ke zuwa aiki da zazzaɓi don tsoron kada a taɓa musu biza. Kwana bakwai na farko kai ne ke ba da shaidar kanka, ba a bukatar takardar likita sai an wuce haka. Ka karanta kwantiraginka tun ranar farko ka ga ko akwai ƙarin da gidan ke biya a kan na doka, kuma ka shiga ƙungiyar ƙwadago. Ka kuma duba ƙa'idar da ke aiki a yanzu, domin adadin kuɗin yana sauyawa duk Afrilu.

Mai Kemis:
Akwai wani nauyin da ya sauka kan ma'aikata wanda ba a cika ambata ba, na magani. Tun Disamban 2021 aka kafa cibiyoyin ba masu rauni maganin korona a gida, mutum wajen miliyan 1.3 aka lissafa a farko. Maganin korona na Paxlovid dole a fara shi cikin kwana biyar da fara alamomi, in ya wuce amfaninsa ya ragu. An ci gaba da aika wa waɗannan mutane kwali kyauta, amma da sharaɗi: a wancan lokacin gwajin da gwamnati ta ba ka kaɗai ake iya shigar da sakamakonsa a shafinta ko ta lambar 119. Wanda ya saya a kanti, tsarin ba ya karɓa. Sai ka ga marar lafiya ya gwada da na kanti a rana ta biyu, ya zauna jiran kira, a rana ta huɗu ya gane babu mai kiran, sannan ya fara neman likitan unguwa. Duk wannan kai-kawo a kan mai amsa waya, likita da mai haɗa magani yake ƙarewa.

Kuma ba magani ba ne da za a miƙa a guje. Sinadarin ritonavir da ke ciki yana hana hanta narkar da magunguna da dama, sai su taru a jini. Simvastatin, amiodarone, rivaroxaban, tacrolimus na masu dashen ƙoda, kowanne sai an duba, a dakatar, ko a sauya hanya zuwa wani maganin. Mai raunin ƙoda a rage masa adadi, mai rauni sosai a wancan lokacin ba a ba shi. Wannan bincike yana son natsuwa. Duk kwanan da aka ɓata wajen neman gwajin da ya dace, daga lokacin mai haɗa magani aka yanke shi.

Dokta Bakano:
Gaskiya ne. Bari in ƙarasa tarihin, don a nan ne masu cewa an cire wa ma'aikata gwaji suke da gaskiya ɗari bisa ɗari. Ranar 31 ga Agusta, 2022 aka dakatar da gwajin mako-mako na ma'aikatan da ba su da alamomi, a asibiti da gidajen tsofaffi, tare da gwajin duk wanda aka kwantar. Aka ci gaba da gwada masu raunin garkuwar jiki, waɗanda za a sallama zuwa gidan tsofaffi, da lokacin ɓarkewa a ɗaki. A tsarin Afrilun 2023 kuma ko ma'aikaci na da alamomi, yawanci ba a gwada shi sai in yana kula da masu raunin garkuwa sosai ko yana aiki a gidan jinyar masu ciwon ajali. Shawarar ta koma: idan kana da zazzaɓi ko ba ka jin ƙarfin aiki, ka zauna gida.

Illar daina gwada waɗanda ake kwantarwa ita ce, ɗakunan NHS da yawa na gado huɗu ko shida ne, labule kawai ya raba su. An kawo dattijo da karayar ƙugu, ba ya tari, an kwantar da shi. Rana ta uku zazzaɓi ya zo, aka gwada, layi biyu. Yanzu sauran biyar duk sun zama waɗanda suka yi cuɗanya da shi, a rufe sashen ga sabbin marasa lafiya, gadon da ya zama fanko ba a iya sa kowa, gidan tsofaffi ya ƙi karɓar wanda aka shirya sallama, motocin asibiti su yi layi a ƙofar sashen gaggawa. Nas ɗin da ta juya shi ta yi masa wanka kwana uku kuwa takunkumin tiyata ne a fuskarta, in ma akwai, tunda a watan Yunin 2022 aka sassauta dokar sa takunkumi a ko'ina cikin asibiti, kodayake asibitoci da dama sun dawo da ita da kansu da wani sabon nau'in Omikron, BA.5, ya taso. Idan za ka rage gwaji, ya kamata ka ƙara ƙarfin abin da ke kare numfashi. Asibitin Addenbrooke's da ke Kambirij ya nuna a 2021 cewa sauya wa ma'aikatan ɗakunan korona takunkumi zuwa FFP3, mai tace iska sosai, ya rage kamuwarsu ƙwarai. Amma FFP3 sai an auna shi a fuskar mutum, samfuri da samfuri, kuma gemu yana hana shi kamawa, mai gemu sai dai hular nan mai injin tace iska. 'Yan uwa maza masu shirin tafiya su nemi wannan tun makon farko, kada su jira ranar ɓarkewa.

Baban Sadiq:
Na karɓi maganar lokaci, kuma na karɓi ta Anti Bakatsiniya gaba ɗaya, cire kuɗin killacewa kuskure ne ko ta fuskar tattalin arziki. Amma akwai gefen da ba ku taɓo ba. Guraben aikin da babu kowa a NHS ta Ingila sun haura dubu 100 a lokacin, na nas kaɗai kusan dubu 40. Kowane ma'aikaci lafiyayye a ido da gwaji ya tura gida kwana biyar zuwa goma, wani ne zai ɗauki marasa lafiyarsa. Nas mai kula da mutum takwas ta koma goma sha biyu, magani ya yi latti, tsoho ya faɗi a bayi babu mai gani. Wannan ma haɗari ne, kuma shi ma yana kisa. A Janairun 2022 dubun-dubatar ma'aikata ne ke gida saboda korona, har aka tura sojoji asibitocin Landan su taimaka.

Maman Ilham:
Ba a musun haka, duk wanda ya taɓa haɗa jadawalin duti ya san zafin waya da ƙarfe shida na safe. Amma daina gwaji ba ya dawo da ma'aikacin, jinkirta tafiyarsa kawai yake yi. Mutum ɗaya da aka gano Litinin, gurbi ɗaya ne za a cike. Idan ba a gano shi ba, mako mai zuwa uku ko huɗu ne za su kwanta lokaci ɗaya a ɗaki guda, sai a nemo 'yan ejansi da tsada, waɗanda ba su san inda ake ajiye komai ba, kuma gobe suna wani asibitin. Rashin da aka sani da wuri ana iya tsara shi, wanda ya faɗo gaba ɗaya shi ke rufe ɗaki.

Malam Basakkwace:
Wani abin da aka rasa shi ne ido. Da gwajin jama'a ya tsaya, adadin masu kamuwa na kullum ya daina nuna komai. Binciken REACT na jami'ar Imperial College, mai auna yaɗuwar cutar cikin jama'a, ya tsaya a ƙarshen Maris 2022. Na ONS ya ci gaba har Maris 2023, amma sakamakonsa na zuwa ne bayan mako guda ko fiye. Binciken SIREN da ke bin ma'aikatan lafiya da PCR shi ma ya ci gaba. Mai tsara ma'aikata a da yana ganin igiya na tasowa a unguwarsa kwana goma kafin ta iso gado, ya hana hutu, ya tanadi ɗakin warewa. Bayan nan sai dai ya gane daga yawan masu kiran waya cewa ba su da lafiya.

Bazazzagiya:
Malam, tunda yanzu mutum da kuɗinsa yake saya, ka faɗa mana kurakuran da ke ɓata gwajin, kada a yi asarar kwali.

Malam Basakkwace:
Na farko, karanta takardar cikin kwalin, domin samfuran sun bambanta. Tsohon Innova makogwaro da hanci ne, ɗigo biyu, a karanta a minti 30. Flowflex hanci kawai, ɗigo huɗu, a karanta daga minti 15, kada a wuce 30. Mai ɗiga biyu a inda ake son huɗu, ruwan ba zai kai ƙarshen takardar ba. Mai ambaliya kuma yana wanke layin.

Ka fyace hanci, ka wanke hannu, kada ka taɓa kan audugar. Idan na makogwaro ne, kada ka ci ko ka sha komai minti 30 kafin nan, lemo da duk abu mai tsami na iya fito da layin ƙarya. A hanci, tsinken ya shiga kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, ya goga bangon hancin sosai yana zagayawa, duka kafofin biyu. Mafi yawan gwajin da ke cewa babu alhali akwai, daga nan ne: an taɓa bakin hanci an cire. Ka juya tsinken cikin ruwan kwalbar iya daƙiƙun da aka rubuta, ka matse kwalbar a kan audugar yayin fitarwa. Kada a ƙara ruwan famfo idan na kwalbar ya zube, a ɗauki sabo. Faifan ya kwanta a wuri mai daidai, kuma a buɗe ledarsa sai lokacin amfani.

A jikin faifan akwai harafin C da T. Layin C kaɗai, babu cutar. C da T, akwai, ko da T ɗin dishi-dishi ne. Babu C, gwajin ya lalace ko me T ya nuna. Layin da ya fito bayan awa guda ba a lissafa shi, bushewa ce. Mai alamomi da ya ga layi ɗaya a ranar farko kada ya saki jiki, ya maimaita bayan kwana ɗaya ko biyu, domin a masu allura alamomi kan riga ƙwayar yawa a hanci.

Ajiya tsakanin digiri 2 zuwa 30 ce, a yi gwajin a ɗaki mai digiri 15 zuwa 30. Kwalin da ya kwana a mota cikin sanyin Janairu a bar shi ya ɗumama a ɗaki rabin awa tukuna. Masu aika ragowar kwalaye gida kuma su sani, zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana haura 40, kwalin da ya yi mako a but ɗin mota ko shago mai rufin kwano ba abin dogaro ba ne ko da kwanan watansa bai ƙare ba.

Ɗan Gusau:
To idan ma'aikaci ya ga layi biyu a wancan tsarin na 2022, yaushe yake komawa aiki? Na ji wasu na cewa biyar, wasu goma.

Maman Ilham:
Dukansu daidai ne. Ranar da alamomi suka fara, ko ranar gwajin in babu alamomi, ita ce ranar sifili. Ya zauna gida kwana biyar. Ya gwada rana ta biyar, ya sake a ta shida, awa 24 tsakani. Idan duka biyun layi ɗaya ne, babu zazzaɓi, kuma yana jin ƙarfi, ya koma a ta shida bayan gwajin. Idan ɗaya ya nuna cutar, ya ci gaba kullum har ya samu biyu a jere. In har rana ta goma tana nunawa, sai shugabansa ya auna haɗarin, yawanci a nesanta shi da masu raunin garkuwa. Ka ga mutum ɗaya na iya cinye kwali mai gwaji bakwai a ciwo ɗaya, shi ya sa wanda ya raba nasa da iyali yake rasa na komawa aiki.

Ga ma'aikatan NHS, har zuwa 7 ga Yuli, 2022 hutun korona cikakken albashi ne kuma ba a lissafa shi cikin kwanakin rashin lafiyar mutum. Daga ranar aka janye wannan tsari na musamman, waɗanda doguwar korona ta kwantar kuma aka mayar da su tsarin kwantiragi daga 1 ga Satumba. Tsarin kwantiragin da shekarun aiki yake tafiya: a shekarar farko wata ɗaya cikakken albashi da wata biyu rabi, sai bayan shekara biyar ake kai wa wata shida cikakke da wata shida rabi. Nas ɗin da ta sauka daga Kano ko Kaduna wata huɗu da suka wuce tana matakin farko ne, komai daɗewarta a aiki a gida. Ɗan Gusau, ka gaya wa duk mai shirin tafiya ya nemi takardar dokar hutun rashin lafiya ta asibitin da ya ɗauke shi, ya duba sau nawa mutum zai yi rashin lafiya a shekara kafin a kira shi zama, ya kuma tambaya a rubuce ko ciwon da aka ɗauka a bakin aiki yana shiga wannan lissafi.